Hawa da saukar 'yan wasan ƙwallon gora tsakanin NHL da ƙananan gasanni

A ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ake bugawa a Kanada da Amurka, ɗan wasa ne ke hawa yana sauka tsakanin gasanni, ƙungiya kuwa tana nan inda take. Babbar gasar ita ce NHL, wadda aka kafa a shekarar 1917, kuma a yau tana da ƙungiyoyi 32, wato 25 a Amurka da 7 a Kanada. Ƙasa da ita akwai gasar AHL, wadda ta fara a 1936, sai kuma ECHL da ta fara a 1988. Ƙwararren ɗan wasa na iya buga duka ukun a kaka ɗaya. Rumun Ndur, haifaffen Zariya kuma mutum na farko da aka haifa a Najeriya da ya buga NHL, yana cikin waɗanda suka yi irin wannan rayuwa ta kai da komo. Wasan ya bambanta da ƙwallon gora na fili da aka sani a Najeriya: a kan daskararriyar ƙanƙara ake yin sa, da takalma masu ƙarfen zamiya a ƙasa, kuma ƙaramin faifan roba ake bugawa a madadin ƙwallo.

Tsarin gasannin

A ƙwallon ƙafar Najeriya ƙungiya ce ke faɗuwa. Kano Pillars ta faɗi daga babbar gasar ƙasa a 2022, ta yi kaka ɗaya a rukuni na biyu, ta dawo a 2023. A NHL babu wannan tsari sam. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe za ta sake bugawa a NHL kaka mai zuwa, har ma a ba ta fifiko wajen zaɓen matasan 'yan wasa. Ita ma zakarar AHL kofin Calder kawai take ɗauka, ba ta hawa ko'ina.

Kowace ƙungiyar NHL tana da reshe a AHL, wanda ko dai mallakarta ne ko kuma yarjejeniya ta haɗa su, kuma mafi yawansu suna da wani reshen a ECHL. Abin ya yi kama da babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari mai babban shago da ƙaramin tebur a wani layi: yaran duk nasa ne, shi ke yanke wanda zai tsaya a shago da wanda zai je tebur, gobe kuma ya sauya su. Ƙungiya na da damar riƙe kwantiragin 'yan wasa har 50, amma 23 kaɗai ke iya zama a jerin babbar ƙungiya a yawancin kaka, 20 ne kuma ke sa kaya a ranar wasa, biyu daga ciki masu tsaron raga. Sauran suna reshe suna jiran kira. Da yake kaka doguwa ce (wasanni 82 aka daɗe ana bugawa kafin zagayen neman kofin Stanley) kuma wasan na karo ne da jiki, rauni ba ya yankewa, kiran ma ba ya yankewa.

Saboda haka ƙungiyoyi suka fi son reshe a kusa. Tsakanin Buffalo da Rochester, inda reshen Buffalo Sabres yake, bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba, ana iya kiran mutum da safe ya buga wasa da dare. A 2015 an kwashe ƙungiyoyin AHL biyar zuwa jihar Kalifoniya don su matso kusa da iyayen gidansu na yammacin nahiyar.

Hanyar shiga

Yawancin matasan Kanada suna farawa ne a gasannin matasa uku da ke ƙarƙashin CHL, na 'yan shekara 16 zuwa 20. Wasu suna biyowa ta jami'o'in Amurka, wasu daga Turai. Kowace shekara ƙungiyoyin NHL suna zaɓen 'yan shekara 18 zuwa sama bi da bi, zagaye bakwai tun daga 2005. Zaɓe ba aiki ba ne, yana dai ba ƙungiya ikon ƙulla kwantiragi da yaron ita kaɗai na wani lokaci. Ƙalilan ne ke wucewa kai tsaye zuwa NHL. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya tashi daga ƙungiyar matasa ta Kamloops ya shiga Calgary Flames a 1996, ya ci ƙwallaye 625 a wasanni 1,554 ba tare da ya zauna a reshe ba. Irinsa ba su da yawa. A ƙididdigar da gasar AHL kanta ke bayarwa, kusan kashi 90 cikin 100 na 'yan wasan NHL sun taɓa bi ta cikinta.

Kwantiragi da tayin awa 24

Abubuwa biyu ne ke yanke makomar ɗan wasan da ke kan iyaka, kuma dukansu ba a kan ƙanƙara suke ba.

Na farko shi ne irin kwantiraginsa. Akwai mai albashi ɗaya, inda kuɗin ba ya sauyawa ko a ina mutum yake bugawa. Akwai mai albashi biyu, wanda ke da farashin NHL da farashin reshe, ana kuma lissafa shi da kwanakin da aka yi a kowane wuri. Duk kwantiragin farko na matashi irin na biyun ne. Mafi ƙarancin albashi a NHL a kakar 2024–25 dala 775,000 ne a shekara, alhali matashi a kwantiragin farko ba ya kai dala 100,000 idan yana reshe. Wato mako biyu a sama na iya fin watanni a ƙasa.

Na biyu shi ne dokar tayi. Matashi ana iya saukar da shi a hau da shi yadda aka ga dama. Amma idan ya kai wasu shekaru da sa hannu, ko ya cika wani adadin wasanni (a ƙa'idar yanzu, wanda ya sa hannu yana ɗan shekara 20 yana da shekara uku ko wasanni 160), ba a saukar da shi sai an yi wa sauran ƙungiyoyi tayinsa na tsawon awa 24. Duk wadda ta nuna tana so ta ɗauke shi da kwantiraginsa, idan kuma masu so sun yi yawa, wadda ta fi ƙasa a teburi ke samu. An yi dokar don kada ƙungiya mai ƙarfi ta ɓoye gwanaye a reshe. Sai dai tana da wani sakamako: sau da yawa wanda ake saukarwa shi ne wanda babu haɗarin rasa shi, ko da ya fi wani taka rawa.

Tun 2005, da aka sa iyaka a kan jimillar albashin da ƙungiya za ta biya, lissafin kuɗi ya ƙara shiga ciki. A 2010 New York Rangers ta saukar da Wade Redden zuwa Hartford don cire kusan dala miliyan 6.5 na shekara daga lissafinta, ya yi kaka biyu a can yana karɓar cikakken kuɗinsa. Yarjejeniyar 2013 ta toshe wannan ƙofa. A AHL ma akwai iyaka ga tsofaffin hannu: cikin 'yan wasa 18 da ke fita ban da masu tsaron raga, mafi yawansu dole su kasance masu tasowa, waɗanda ba su tara wasanni da yawa a matakin ƙwararru ba. Don haka wanda ya daɗe a reshe yakan wayi gari gogewarsa ta zama abin da ke hana shi gurbi.

Rumun Ndur

An haifi Rumun Ndur a Zariya ranar 7 ga Yuli, 1975, lokacin garin yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Yana ƙarami iyayensa suka koma Kanada, ya girma a lardin Ontario. Mai tsaron baya ne, dogo mai jiki. Ya buga wa Guelph Storm a gasar matasa ta Ontario, kuma a 1994 Buffalo Sabres ta zaɓe shi a zagaye na uku, shi ne na 69 a jerin shekarar.

Kakarsa ta farko a matsayin ƙwararre, 1995–96, a Rochester Americans ya yi ta, ƙungiyar kuma ta ci kofin Calder bayan ta doke Portland Pirates a wasa na bakwai. Kocinsu John Tortorella daga baya ya ci kofin Stanley da Tampa Bay a 2004, domin masu horarwa ma wannan tsani suke bi. A kakanni biyu da suka biyo baya Ndur ya buga wa Buffalo wasanni uku kacal, saura duk a Rochester.

Daga nan dokar tayi ta karɓi ragamar rayuwarsa. A Disamban 1998, bayan wasanni takwas a Buffalo, aka yi tayinsa New York Rangers ta ɗauka. Ya buga mata wasanni 31 a kakar da Wayne Gretzky ya yi ritaya a ƙungiyar. Buffalo da ya baro ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley a 1999, ta sha kashi a hannun Dallas Stars, Rangers kuwa ko zagayen kofin ba ta shiga ba. A Disamban 1999 aka sake tayinsa, sabuwar ƙungiyar Atlanta Thrashers ta ɗauke shi, ya buga mata wasanni 27. Atlanta wasanni 14 kaɗai ta ci a cikin 82 a wannan kaka, ta zo ta ƙarshe, yayin da Hartford Wolf Pack, reshen Rangers da ya taɓa buga wa, ta ɗauki kofin Calder na 2000. Za a iya kallon wannan a matsayin rashin sa'a, amma ba don tayin ba da wuya ya samu wasanni 58 da ya buga a ƙungiyoyin biyu, tunda a Buffalo 11 ya samu a kakanni uku.

Jimillar abin da ya yi a NHL wasanni 69 ne, daidai da lambar da aka zaɓe shi a kai, da ƙwallaye 2, da taimako 3, da mintuna 137 a bencin hukunci. Adadi na ƙarshe ya nuna aikin da ake ɗaukarsa ya yi. A wancan zamani kusan kowace ƙungiya na riƙe da mai ƙarfi ɗaya ko biyu da ke dambe don kare taurarinta, gurbi ne kuma da ake saurin maye wa mutum.

Bayan 2000 bai sake buga NHL ba, amma ya ci gaba da sana'ar shekaru da dama a ƙananan gasannin Amurka da kuma Turai, inda ya buga wa Graz 99ers ta Ostiriya da Coventry Blaze ta Ingila. A kakar 2004–05, wadda rikicin albashi ya sa aka soke ta baki ɗaya a NHL, yana Danbury Trashers a gasar UHL. Mai ƙungiyar, James Galante, ɗan kasuwar kwashe shara ne, ya damƙa shugabancinta ga ɗansa mai shekara 17, ta kuma yi suna da faɗa. An rushe ta a 2006 bayan hukumomin Amurka sun gurfanar da Galante, cikin tuhume-tuhumen har da biyan 'yan wasa ta bayan fage fiye da iyakar albashin gasar. Ndur ya fito a fim ɗin tarihin ƙungiyar da Netflix ta saki a 2021.

Akim Aliu

Akim Aliu an haife shi a Okene, a Jihar Kogi ta yanzu, ranar 24 ga Afrilu, 1989. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Yukren, ya yi ƙuruciya a Kyiv kafin iyalin su koma Toronto. Chicago Blackhawks ta zaɓe shi na 56 a 2007. Ya yi ta yawo tsakanin AHL da ECHL, aka yi musayarsa zuwa Atlanta a 2010, sannan zuwa Calgary Flames a Janairun 2012. A Afrilun shekarar ya buga wasansa na farko a NHL, a wasa na biyu ya ci Anaheim Ducks ƙwallaye biyu. Duka-duka wasanni bakwai ya samu a NHL. Daga baya ya buga a Suwidin da Rasha da wasu ƙasashen.

Labarinsa ya fito da wani ɓangare na tsarin da ƙa'idoji ba su rubuta ba, wato ikon kocin reshe, wanda rahotonsa ke yanke wanda za a kira sama da wanda za a ƙara turawa ƙasa. A Nuwamban 2019 Aliu ya bayyana cewa Bill Peters, kocinsa a Rockford IceHogs shekara goma kafin nan, ya yi masa kalaman wariyar launin fata, kuma a cewarsa da ya nuna bai yarda ba sai aka saukar da shi ECHL. Peters ya amince a wata wasiƙa cewa ya yi amfani da kalaman ɓatanci, ya kuma ajiye aikin horar da Calgary Flames ranar 29 ga watan. A Yunin 2020 Aliu da Evander Kane da wasu 'yan wasa suka kafa ƙungiyar Hockey Diversity Alliance don yaƙi da wariya a wasan.