Rangwamen Aika Littattafai ta Gidan Waya da Ikon Buɗe Ƙunshi: Waiwaye a Tarihin Ingila da Amurka

Masu nazarin tarihin littafi sukan mai da hankali ga marubuci da maɗaba'a, su manta da akawun gidan waya wanda ke zaune a bayan kanta da sikelinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fiye da shekara ɗari da saba'in ke nan wannan akawu yana yanke hukunci a kan tambayar da mu malaman adabi muke ta muhawara a kanta, watau: mene ne littafi?

Asalin al'amarin daga Ingila ne. Bayan da Rowland Hill ya kawo tsarin kan sarki na kwabo ɗaya a 1840, sai a 1848 aka fito da farashi na musamman domin littattafai, watau sisi a kan kowace laba ta nauyi. Amma rangwamen yana da sharaɗi. Dole a bar bakin ƙunshin a buɗe yadda ma'aikaci zai iya leƙawa, kuma ba a yarda a cusa wasiƙa a ciki ba. Dalili a fili yake: kuɗin wasiƙa shi ne jarin gidan waya, in kuwa aka bar mutane suna ɓoye wasiƙunsu a cikin littafi, to, an fasa asusun. Ashe tun daga farko, wanda ya karɓi rangwame ya sallama sirrinsa.

A Amurka ne wannan ciniki ya sami gindin zama a shari'a. A 1878 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka sani da sunan Jackson, ta ce wasiƙar da aka liƙe tana da alfarma irin ta takardun da mutum ya adana a cikin gidansa, ba a buɗe ta sai da izinin alƙali. Amma jaridu da sauran bugaggun takardu, waɗanda da ma aka bari a buɗe domin dubawa, ba su da wannan kariya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1879, majalisar ƙasar ta kasa saƙonni aji huɗu, ta sa jaridu da mujallu a aji na biyu mai arha ƙwarai. Daga 1885 kuɗinsu ya koma santi ɗaya a laba. Littattafai kuwa ba su shiga wannan aji ba.

Nan fa masu ɗab'i suka nuna cewa su ma ba a bar su a baya ba wajen dabara. Suka riƙa buga littattafai masu bangon takarda, suna sa musu lamba da kwanan wata, suna kiransu mujallu. Hukumar gidan waya ta yi haƙuri har 1901, sa'an nan ta toshe ƙofar. Kamfanin Houghton Mifflin ya kai ƙara, amma a 1904 Kotun Ƙoli ta goyi bayan hukuma, ta ce cikakken littafi ba ya zama mujalla don kawai an jera shi da 'yan'uwansa an ba shi lamba. A ganina wannan hukunci ya cancanci ɗaliban adabi su karanta shi, domin alƙalai ne suka zauna suna rarrabe nau'o'in rubutu, aikin da muke ɗauka namu ne mu kaɗai.

Sai a 1938 littafi ya sami nasa rangwamen. Kafin nan, tun daga 1914, ana auna shi kamar kowane kaya, ana biya gwargwadon nisan tafiya, saboda haka mai karatu a Kalifoniya ya fi na Niyok shan tsada, alhali kuwa yawancin maɗaba'u a gabas suke. Lauya Morris Ernst ya jagoranci masu neman gyara, Shugaba Franklin Roosevelt kuma ya ba da sanarwar farashin santi ɗaya da rabi a laba, kome nisan wurin. A 1942 majalisa ta mai da shi doka a kan santi uku. Daga baya aka shigar da faya-fayan sauti da wasu kayan koyarwa, kana a 2001 aka sauya masa suna zuwa Media Mail.

Ikon dubawa kuwa bai tsaya kan neman wasiƙar ɓoye ba. Wanda aka ba izinin leƙa ƙunshi yakan so ya leƙa ma'ana. A 1946 Kotun Ƙoli ta hana shugaban gidajen waya janye wa mujallar Esquire rangwamenta don kawai abin da ke ciki bai yi masa daɗi ba. Duk da haka, a 1959 wani shugaban, Arthur Summerfield, ya hana aika littafin D. H. Lawrence mai suna Lady Chatterley's Lover, har sai da kotu ta warware hanin a cikin shekarar.

To, yaya abin yake a kanta? Ƙa'idar Media Mail ta ce littafi ya kai aƙalla shafi 8, kada ya ƙunshi talla sai dai ɗan sanarwar wasu littattafai, ƙunshin kuma kada ya wuce laba 70. Aikawa a wannan farashi shi kansa amincewa ce da a buɗe. In an tarar da abin da bai cancanta ba, sai a nemi cikon kuɗi. Da sayar da tsofaffin littattafai ta intanet ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1990, masu kawo irin wannan ƙunshi suka yawaita, cikinsu har da masu cusa tufafi da wasannin bidiyo. Akawu ba shi da hanyar sanin mai gaskiya sai ya tambaya ko ya farke, mai gaskiya kuwa yakan ji an tuhume shi a gaban layi. Ga kuma tsohuwar mujalla ta shekara hamsin, wadda mai ita yake gani littafin tarihi ce, akawu kuwa yana ganin talla a cikinta, ko da kamfanonin sun daɗe da rushewa. Yawancin cacar bakin da ake yi a kanta daga irin wannan take tasowa, kuma laifin na ƙa'idar ne fiye da na mutanen biyu.

Akwai wani ɓangare da ya taɓa mu kai tsaye. A watan Mayu na 2007 hukumar gidan waya ta Amurka ta daina aika saƙonni ƙasashen waje ta jirgin ruwa, har da babban buhun bugaggun takardu mai arha wanda malamai da ƙungiyoyin sa kai suke cikawa da littattafai zuwa makarantun Afirka. Aka bar jirgin sama kaɗai, kuɗin ya ninka, masu aikowa da yawa suka janye.