Mazaɓar Tasawa ta 1958: Tarihin Wata Mazaɓa Mai Kujeru da Yawa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shirya littafin karatun manya a kan sha'anin zaɓe ya san wahalar da kalmar "mazaɓa" take bayarwa. Ginin kalmar ba shi da wuya: an ɗauki aikatau "zaɓa" an ɗora masa ɗafa-goshin "ma-" na sunan wuri, kamar yadda aka samu "makaranta" daga "karanta" da "masaƙa" daga "saƙa". Sai dai a bakin jama'a kalmar takan nufi rumfar da ake jefa ƙuri'a, alhali kuwa a harshen doka ana nufin faɗin ƙasar da ake tattara ƙuri'unta domin a raba kujerun majalisa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin yadda aka yanka mazaɓa da yadda ake raba kujerunta su ne suke nuna ko ƙuri'ar mutum za ta kai wakili majalisa ko kuwa za ta faɗi a banza.

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin wata mazaɓa da ta shuɗe, wato mazaɓar Tasawa, wadda mutanen Agye da Gazawa suka yi zaɓe a cikinta a ƙarshen mulkin Faransawa. Za mu dube ta tare da maƙwabciyarta ta Maraɗi, inda mutanen Gidan Rumji suke. Sa'an nan mu ga abin da wannan tarihi yake koya wa masu bincike da masu tsara aikin yaƙi da jahilci.

2. Ƙasar da ake magana a kanta

Gundumomin nan uku da muka sani a yau ba su daɗe da samun zaman kansu ba. A shekara ta 1972 ne aka yanke Agye daga Tasawa, aka kuma raba ƙasar Maraɗi aka fitar da Gidan Rumji da Madarunfa. Gazawa kuwa sai a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma. Kafin wannan, a zamanin Turawa, ƙasar tana rabe ne bisa ikon kumandan, abin da Faransawa suke kira *cercle*, ƙarƙashinsa kuma akwai sarakunan kanto. Da fari Tasawa ce mazaunin kumandan. A 1927 aka mayar da mazaunin Maraɗi.

Da aka zo kafa majalisar ƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba a yanka wasu iyakoki sababbi domin zaɓe ba. Iyakokin mulki da ake karɓar haraji da su, su aka mayar iyakokin zaɓe, aka ba kowace mazaɓa sunan babban garinta. Saboda haka "mazaɓar Tasawa" ba birnin Tasawa kaɗai take nufi ba. Ta haɗa birnin da ɗimbin ƙauyukan manoman gero da gyaɗa da suke kudu da yamma da shi har bakin iyakar Nijeriya. Haka ita ma mazaɓar Maraɗi ta haɗa birnin da ƙasar Gobir ta Tsibiri da Gidan Rumji.

3. Wa yake zaɓe, kuma me yake zaɓa?

A 1946 aka kafa majalisar farko ta Nijar, wadda a 1952 aka sake mata suna ta zama Majalisar Yanki. Masu zaɓe rukuni biyu ne: na farko na masu bin dokar zaman Faransa, galibinsu Turawa, na biyu na ƴan ƙasa. Ko a rukuni na biyun ba kowa yake da ƙuri'a ba, sai wanda ya shiga ɗaya daga cikin ajujuwan da doka ta lasafta, kamar sarakuna da ma'aikatan gwamnati da tsofaffin sojoji da ƴan kasuwa masu lasin. A 1947 aka ƙara waɗanda suka iya karatu da Faransanci ko da Larabci; a 1951 aka ƙara masu gida da suke biyan haraji da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. Ya kamata mu lura a nan cewa iya karatu ya taɓa zama ƙofar samun ƙuri'a a ƙasar nan, amma dokar ba ta ambaci Hausa ba, ko da yake ita ce harshen akasarin masu zaɓen Tasawa da Maraɗi.

Dokar 23 ga Yuni 1956, wadda aka fi sani da sunan minista Gaston Defferre, ita ta rushe rukunan biyu ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace. A wannan fanni Nijar ta riga Arewacin Nijeriya, inda mata ba su yi zaɓen tarayya na 1959 ba.

Amma abin da mai ƙuri'a yake zaɓa bai sake ba. Tsarin da dokar 1952 ta shimfiɗa shi ne kowace jam'iyya ta kawo jerin sunaye cikakke daidai da yawan kujerun mazaɓar. Mai zaɓe ba shi da ikon soke suna ko sauya shi da wani, ko ya haɗa sunaye daga jeri biyu. Zagaye ɗaya ake yi, jerin da ya fi ƙuri'a kuma shi yake kwashe kujerun duka. Alal misali, a mazaɓa mai kujeru shida, idan jeri uku suka samu kashi 40 da 35 da 25 cikin ɗari, mai kashi 40 zai tafi da kujeru shidan, sauran kashi 60 na jama'a su tashi ba wakili ko ɗaya. Mazaɓa mai kujeru fiye da ɗaya ba baƙon abu ba ce a duniya: Ingila ta daɗe da biranen da suke aika wakilai bibbiyu kafin ta soke su a 1950. Amma a can mutum yana iya raba ƙuri'unsa biyu tsakanin jam'iyyu, abin da ba a yarda da shi a nan ba.

4. Daga Maris 1957 zuwa Disamba 1958

An gwada sabuwar dokar ran 31 ga Maris 1957, a zaɓen majalisa mai kujeru 60. Jam'iyyar MSA ta Jibo Bakari, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba, ta samu kujeru 41, PPN-RDA ta Jori Hamani da Bubu Hama ta samu 19. Ƙarfin RDA yana yamma, Sawaba kuwa ta mamaye tsakiya da gabas. Jibo Bakari ya kafa gwamnati, Georges Condat, haifaffen Maraɗi, ya zama shugaban majalisa.

Wannan rinjaye yana da ƙafa biyu. Ɗaya ita ce talakawan birane da garuruwan kasuwa: direbobi da ƴan kamasho da leburori da masu ƙananan sana'o'i. Ɗayar kuwa sarakunan gargajiya ne da suka shigo ta hanyar jam'iyyar BNA, wadda ta haɗe da ta Jibo Bakari a ƙarshen 1956. A mazaɓar da akasarinta ƙauye ne, inda sarkin kanto ya karkata nan dubban ƙuri'u suke karkata, kuma tun da jeri ɗaya yake cinye kujeru duka, juyawar sarakuna kaɗan ta isa ta kifar da mazaɓa baki ɗaya.

Hakan kuwa aka yi. Da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta nemi a ce "a'a", wato a karɓi mulkin kai nan take. Faransa ta aiko da sabon gwamna, Don Jean Colombani, sarakuna da yawa suka juya wa Sawaba baya. "I" ta samu kimanin kashi 78 cikin ɗari, ko da yake waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Gwamnatin Jibo Bakari ta sauka a watan Oktoba, aka rushe majalisa a Nuwamba, aka sa ranar sabon zaɓe 14 ga Disamba.

A wannan zaɓe RDA da sarakuna da waɗanda suka fice daga Sawaba suka tsaya ƙarƙashin ƙawance guda mai suna UCFA, suka samu kujeru 49. Kujeru 11 da suka saura wa Sawaba daga mazaɓu biyu kaɗai suka fito: Tasawa da Damagaram. Ma'anar wannan ita ce, watanni biyu da rabi bayan faɗuwar "a'a", mulki kuma yana hannun abokan hamayya, jerin Sawaba ne ya zo na ɗaya a mazaɓar da ta ƙunshi Agye da Gazawa. Mazaɓar Maraɗi, har da Gidan Rumji, ta tafi ga UCFA. Ƙauyuka maƙwabta, masu harshe ɗaya da kasuwanni ɗaya, suka wayi gari wasu wakilansu duka na gwamnati, wasu duka na adawa, don kawai iyakar kumandan ta ratsa tsakaninsu.

Nasarar ba ta daɗe ba. An soke sakamakon mazaɓun biyu bisa zargin an saɓa ƙa'ida, daga bisani kujerun duka suka koma ɓangaren gwamnati. A nan ne aibin tsarin ya fito fili: da kujerun adawa a warwatse suke a ƙananan mazaɓu goma sha ɗaya, da sai an soke zaɓe sau goma sha ɗaya, da yake a dunƙule suke cikin jeri biyu, hukunci biyu ya isa. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa. Ran 12 ga Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, ƙasar ta shiga mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960 da majalisar da babu ɗan adawa a cikinta. Wanda yake son bin abin da ya biyo baya, har zuwa yunƙurin tawaye na 1964, zai same shi a littafin da Klaas van Walraven ya wallafa a 2013 a kan tarihin Sawaba.

5. Bayan shuɗewar mazaɓar

Zaɓen Disamba 1958 shi ne na ƙarshe da jam'iyyu suka yi takara a Nijar sai bayan shekara 34. A 1965 da 1970 jerin PPN-RDA mai sunaye 50 kaɗai aka miƙa wa jama'a. Juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya rufe majalisa, sai a Disamba 1989 aka sake buɗe ta da wakilai 93, dukansu na MNSD. Bayan Taron Ƙasa na 1991, zaɓen 14 ga Fabrairu 1993 ya zo da sabon tsari: kujeru 83, mazaɓa ta zama jiha guda, ana raba kujerunta gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu, an kuma keɓe mazaɓu takwas na musamman masu kujera ɗai-ɗai domin ƙananan al'ummomi, cikinsu har da Barmo a arewacin jihar Maraɗi. Ta haka Tasawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji suka taru a mazaɓa guda. Yawan kujerun majalisa ya hau zuwa 113 a 2004, da 171 a 2016, kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe ta.

Rabon gwargwado ya magance matsalar 1958, domin jeri ɗaya ba ya cinye kome da kome. Amma abu guda bai sake ba daga 1952 har zuwa 2023: jeri aka riƙa zaɓa, ba mutum ba, kuma shugabannin jam'iyya ne suka riƙa tsara wanda zai zo a sama da wanda zai zo a ƙasa.

6. Abin da ya shafi harshe da karatu

Sunayen ƴan takara da Faransanci aka riƙa buga su, da haruffan da akasarin masu zaɓe ba su karantawa. Saboda haka alama ta maye gurbin suna: raƙumi na Sawaba, giwa ta RDA, kamar yadda a Kano da Katsina tauraro ya zama na NEPU, fartanya ta NPC. Ita kanta kalmar "sawaba", mai ma'anar sauƙi bayan tsanani, ta zaga ɓangarorin iyaka biyu, domin NEPU ta Malam Aminu Kano da Hausa Jam'iyyar Neman Sawaba ake ce mata. Taken siyasa ya samu Hausa tun da wuri. Ƙa'idar zaɓe ce ba ta samu ba.

Sharaɗin ilimin boko ma bai ɓace ba, wuri ya sauya. A 1947 ana nemansa ga mai zaɓe. Tsarin mulkin 2010 kuwa ya nema ga ƴan takara, inda ya wajabta kashi 75 cikin ɗari na kowane jeri su kasance masu takardar BEPC ko makamanciyarta. Ga shi kuma Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masu nazarin harshe nauyin da ba za su iya kauce masa ba.

Muna ba da shawara uku. Ta farko, a tsayar da kalmomi: "mazaɓa" ga faɗin ƙasa, "rumfar zaɓe" ga wurin jefa ƙuri'a, "jeri" ga sunayen da jam'iyya ta kawo, "rinjaye" da "rabon gwargwado" ga hanyoyi biyu na raba kujeru. Ta biyu, a haɗa wannan darasi da darasin lissafi a azuzuwan manya, domin misalin kujeru shida da muka kawo a sama bai fi ƙarfin wanda ya iya raba kuɗin gyaɗa ba. Ta uku, a gaggauta ɗaukar maganar dattawan Agye da Gazawa da Gidan Rumji da suka ga zaɓen 1958, tare da kirari da habaicin siyasar lokacin. Wanda yake da shekara 21 a ranar zaɓen ya kusa casa'in a yau.

7. Kammalawa

Mazaɓar Tasawa ta bar mana tambayoyi huɗu da ya kamata duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya iya amsawa da harshensa: ina iyakar mazaɓata, kujeru nawa gare ta, yaya ake raba su, kuma wa yake da ikon soke sakamako? Manoman da suka ɗauki takardar raƙumi ran 14 ga Disamba 1958 sun san abin da suke so, sun kuma yi rinjaye. Amsar tambaya ta huɗu ce aka rubuta da harshen da ba nasu ba.