Cikon Haƙori Mai Launin Haƙori: Yadda Ake Yin Sa da Matsayinsa a Jihar Kebbi

A Ambursa da sauran garuruwan da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, wanda haƙorinsa na gaba ya ɓantare a haɗarin kabu-kabu ko a filin ƙwallo yakan zauna da shi haka. In ciwo ya tsananta, sai a je a cire. Amma shekaru da dama ke nan likitocin haƙori suna da hanyar gyara irin wannan haƙori a zama ɗaya. Suna kiran aikin bondin, wato liƙa wa haƙori wani sinadari mai launinsa don a mayar masa da siffarsa.

Mene ne shi?

Sinadarin, wanda ake kira kwamfosit, haɗi ne na roba da garin gilashi mai laushi. Da shi ake cike gurbin da ya ɓantare, a toshe ƙaramin kogo, a rufe tabon da goge baki ba ya fitarwa. A Turai da Amurka har wushirya ake rufewa da shi, alhali a ƙasar Hausa ado ce, kuma a likitance ba cuta ba ce.

Ya bambanta da haƙorin Makka da wasu alhazan da ke tashi daga filin jirgin sama na Ambursa kan dawo da shi. Wancan hular ƙarfe ce da ake kifa wa haƙori. Shi kuwa wannan ana gina shi ne kai tsaye a jikin haƙorin, kuma abin da ake kankarewa kaɗan ne.

Asalinsa

A 1955 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Michael Buonocore, ya nuna cewa idan aka shafa asid a ɓawon haƙori, yana yin ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda roba ke shiga ta kama. A farkon shekarun 1960 Rafael Bowen ya haɗa robar da ta zama tushen kwamfosit. Daga baya aka samar da irin wanda ke daskarewa da haske.

Yadda ake aikin

Likita zai zaɓi launin da ya dace, ya shafa asid na daƙiƙa 15 zuwa 30, ya wanke, ya busar. Sai ya sa gam, ya riƙa ɗora kwamfosit kaɗan-kaɗan yana haska masa shuɗiyar fitila har ya taurare, sannan ya daidaita shi ya goge. Haƙori ɗaya kan ɗauki minti 30 zuwa awa guda, kuma sau da yawa ba a buƙatar allurar kashe zafi.

Iyakarsa

Cikon kan yi shekara 3 zuwa 10. Goro, taba da baƙin shayi suna rina shi, tauna ƙashi ko buɗe kwalba da haƙori kuma na iya ɓalle shi. Idan ɓarnar ta kai ga jijiya, liƙi kaɗai ba ya magani: rufe ruɓa ba tare da an kwashe ta ba yana jawo ƙurji da kumburi. Shi ya sa ya kamata a tabbatar mai aikin yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Wanda haƙorinsa ya karye kuwa, ya ajiye gutsuren a cikin madara ya garzaya asibiti, domin wani lokaci shi kansa ake mayarwa.

Abin da ya haɗa shi da hukuma

Tsohon cikon nan mai launin azurfa kusan rabinsa zaiba ce. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke cikinta, ta wajabta rage amfani da shi, kuma a taron Bali na 2022 aka amince a kauce masa ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da mata masu ciki da masu shayarwa. Tarayyar Turai ta hana shi daga Janairun 2025, sai bisa larura. Ke nan kwamfosit yana tashi daga kayan ƙawa zuwa cikon yau da kullum.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Yana buƙatar fitila mai caji, injin tsotse yawu, domin danshi na hana shi kamawa, da kaya da ake shigowa da su daga waje, waɗanda farashinsu ke bin dala. Saboda haka mutumin Ambursa ko ƙauyukan fadamar Rima yakan nufi Birnin Kebbi, zuwa Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ga manomin shinkafa, kuɗin mota da asarar wuni guda a gona suna haɗuwa da kuɗin aikin, sai cirewa ta zama mafi sauƙi, ko da yake giɓin da ta bari na dindindin ne.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya, jihar kuma tana da tata hukumar, KECHEMA. Tsare-tsaren inshora dai kan raba gyaran larura da na ƙawa, su biya na farko su bar na biyu. Don haka mai rajista yana da hakkin ya nemi a nuna masa a rubuce ko gyaran haƙorin gaba da ya karye yana cikin abin da ake biya masa. Haka kuma, idan kasafin lafiya ya zo gaban Majalisar Dokokin Jihar Kebbi, 'yan mazaɓa na iya tambayar wakilansu likitocin haƙori nawa ke aiki a wajen babban birnin jiha, da nawa aka ware wa kayan aikinsu.