Me za ki fara yi? Tarihin tambayar da ke kayar da ɗaliban jinya

Mace ta haihu awa ɗaya da ta wuce. Jini yana zuba fiye da ƙima, da aka taɓa cikinta kuma sai aka ji mahaifar ta saki, ba ta dunƙule ba. Takardar jarrabawa ta jera abu huɗu: a auna hawan jininta, a aika kiran likita, a rubuta yawan jinin da ya zuba, ko a murza mahaifar. Sannan ta ce: wanne za a fara yi? Duka huɗun suna cikin littafi, duka kuma daidai ne. Sai dai murza mahaifar ne ke rage zubar jinin nan take, sauran suna iya biyo baya.

Ɗalibar da ta haddace babin gaba ɗaya, har ta san cewa zubar da ta kai mililita 500 bayan haihuwa alamar haɗari ce, tana iya faɗuwa a wannan tambaya. Idan abin ya maimaitu, sai ta fara zargin ƙwaƙwalwarta, iyayen da suka sayar da amfanin gona don karatunta su ma su shiga zulumi. Tarihin wannan tambaya yana nuna cewa matsalar ba ta rashin basira ba ce. Aikin ne ya sauya, jarrabawa ta bi shi, aka bar salon karatu a baya.

Zamanin bin umarni

Aikin jinya na zamani ya samo tsarinsa daga makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Tarbiyyarta ta ginu kan tsafta, lura da majiyyaci, da biyayya ga likita. Wannan tsari Turawan Ingila suka kawo Najeriya. An kafa hukumar kula da ungozomomi a 1930, ta masu jinya a 1947, sannan makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan ta fara aiki a 1952.

A Arewa, inda masarautar Kazaure take ƙarƙashin lardin Kano, lafiyar karkara tana hannun En'e da ƙananan ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Malamin asibiti, wanda galibi namiji ne, aikinsa wanke gyambo, ɗaure rauni, da raba magani bisa jerin da aka ba shi. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tura gaba. Jarrabawar da ta dace da irin wannan aiki ita ce ta lissafo da jerawa: kawo alamomin cuta kaza, jera kayan da ake sawa a faranti kafin wanke rauni. Mai kaifin hadda shi ne gwani, kuma ƙasar da yara ke tashi da allo da tilawa ba ta rasa masu hadda.

Lokacin da tambayar ta sauya

Sauyin ya faro daga Amurka. A 1961 Ida Jean Orlando ta wallafa nazarin da ya nuna cewa jinya mai kyau tana farawa ne daga fahimtar abin da majiyyaci ke buƙata a lokacin. A 1967 Helen Yura da Mary Walsh suka tsara aikin mataki-mataki, daga bisani ya zauna a kan biyar: tattara bayani, gano matsala, tsara mafita, aiwatarwa, da duba sakamako. Ma'anar wannan ita ce nas tana da hukuncin kanta, ana kuma iya tuhumarta a kansa.

Masu shirya jarrabawa suka bi sahu. A 1975 Ronald Harden na Jami'ar Dundee ya bayyana salon da aka sani da OSCE, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi, kowace da matsalarta da mintocinta. Tun 2014 Birtaniya ke gwada nas-nas na ƙasashen waje da wannan salo tare da jarrabawar kwamfuta. A watan Afrilun 2023 Amurka ta sabunta jarrabawarta ta NCLEX domin auna yanke hukunci a gaban majiyyaci. Dalilinsu a fili yake: wani bincike da Dorothy del Bueno ta wallafa a 2005 ya gano cewa kusan kashi 35 cikin ɗari ne kawai na sababbin nas-nas suka kai mizanin da ake bukata a wannan fanni. Waɗannan mutane ne da suka yi karatunsu da harshen da suke magana da shi kullum, ke nan wahalar ba ta ɗaliban Arewa kaɗai ba ce.

Najeriya ma ta bi wannan hanya. Jami'ar Ibadan ta fara digirin jinya a 1965. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe hukumomin nan biyu suka zama Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ke shirya jarrabawar ba da lasisi. Matakan nan biyar suka shiga manhaja, daga baya salon tashoshi da jarrabawar kwamfuta suka shigo.

Abin da ya sa Jigawa ba za ta kauce mata ba

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, manyan asibitoci da yawancin ƙwararru sun zauna a birnin Kano. Makarantar jinya ta Birnin Kudu ce ta daɗe tana ɗauke da nauyin horarwa, kafin a samu ƙari a Haɗeja da Babura. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, ta nuna abin da ke faruwa idan marasa lafiya suka fi hannuwa yawa: dole wani ya zaɓi wanda za a fara dubawa.

Manufofin da suka biyo baya sun ƙara wa ƙaramin ma'aikaci nauyi. Shirin tura ungozomomi karkara ya fara a 2009. A 2014 gwamnatin tarayya ta amince da manufar miƙa wasu ayyukan ƙwararru ga ma'aikatan da ke ƙasa da su. Tsakanin waɗannan, a 2012, shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa ya fara aiki a jihohin Arewa biyar har da Jigawa, yana ba 'yan matan karkara shekarar share fage domin su cancanci shiga makarantun lafiya, su koma su yi aiki a garuruwansu.

Saboda haka ungozomar da ke kwanan aiki a ƙaramin asibiti cikin ƙauyukan Gwiwa ko Roni, ko kusa da iyakar Nijar ta ɓangaren Babura, tana iya tarar da matar nan mai zubar jini cikin dare, alhali likita mafi kusa yana da nisan tafiyar mota. A wurinta, tambayar da ke kan takarda ita ce ainihin aikin.

Ɗalibar da ta fito daga irin waɗannan garuruwa tana ɗauke da kaya biyu. Na farko harshe: tana tunani da Hausa, tana amsawa da Ingilishi, kuma maki yakan rataya ne a kan kalma guda mai nufin "na farko", "mafi muhimmanci" ko "ban da". Na biyu sabo: tun daga firamare ana saka mata ne idan ta maido abin da malami ya rubuta a allo.

Gadon da ke zaure

Sai dai ilimin ƙasar Hausa bai tsaya a hadda ba. Bayan makarantar allo akwai makarantar zaure, inda ake karanta Ahalari, Iziyya da Risala, kuma a can mas'ala ake warwarewa. Mutum ya manta zaman tahiyar farko, ya tuna bayan ya miƙe: zai koma ko zai wuce, sujadarsa ƙabli ce ko ba'adi? Ɗalibi ba ya tsira da karanto babin rafkanwa. Sai ya rarrabe farilla da sunna, ya duba inda aka kai a sallar, sannan ya yanke hukunci ya faɗi hujjarsa. Wannan shi ne irin tunanin da jarrabawar jinya ke nema, kuma ɗalibai da yawa sun riga sun yi shi a Islamiyya ba tare da sun haɗa biyun ba.

Daga nan hanyar gyara take fitowa. Jinya ma tana da farillanta: hanyar iska, numfashi, da zagayawar jini suna gaban komai. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi jijjiga a damina, kwantar da shi a gefe domin kare hanyar numfashinsa yana gaban auna zafin jikinsa. Matsalar da ta taso yanzu tana gaban wadda aka daɗe da ita. Idan bayanin da ke cikin tambaya bai isa ba, dubawa ce matakin farko. Idan ya isa kuma rai na cikin haɗari, sai aiki.

Salon bita shi ma yana bukatar juyawa. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa ɗaliban da suka gwada kansu sun fi masu maimaita karatu tuna darasi bayan mako guda. Amsa tambayoyi ashirin tare da bin diddigin dalilin da ya sa kowace amsa ukun ba ita ce ta farko ba ya fi karanta babi sau uku amfani. Ɗalibar da ke rubuta kurakuranta a littafi guda za ta gane ko ilimin ne ya gaza, ko kalmar Ingilishi ce ta ɓace mata, ko jeranta muhimmanci ne, domin kowanne da maganinsa. Ƙawaye uku da za su zauna su mayar da tambaya Hausa, kowace ta kare zaɓinta, sun sake gina zaure ne a ɗakin kwanan ɗalibai. A ɗakin marasa lafiya kuma, kafin babbar nas ta taɓa majiyyaci, ɗaliba tana iya yanke nata hukuncin a zuci, ta kwatanta, ta tambayi dalili.

Ragowar nauyin yana kan makarantu. Malamin da ke yin shifta shekara uku ba shi da hujjar mamaki idan ɗalibansa suka daburce a gaban mas'ala. Hukumar ba da lasisi ta riga ta sauya tambayarta, kuma asibitocin ƙauyukan Roni da Gwiwa suna jiran waɗanda za su iya amsa ta.