Gadar Wi-Fi: yadda ake gano matsalarta, da lokacin da ya kamata a sauya ta

Gadar Wi-Fi na'urori biyu ne masu eriya da ake kafawa suna kallon juna, domin ɗauko intanet daga wani gini zuwa wani ba tare da an ja waya ba. A wurare irin su Dakusa, cikin gundumar Takeita ta jihar Damagaram, inda ƙarfin rezo ya bambanta daga wuri zuwa wuri, da ita mai ɗakin wasanni zai iya jawo intanet daga inda ya fi ƙarfi zuwa shagonsa. Kamfanonin Ubiquiti, TP-Link da MikroTik na cikin masu ƙera ta.

Abin da wasa ke buƙata

Wasanni kamar eFootball, Free Fire da PUBG ba sa cin data da yawa kamar bidiyo. Abin da ya dame su shi ne jinkiri, wanda ake kira ping, ana kuma auna shi da milisakan. Ƙasa da 50 yana da kyau; idan ya haura 150, ɗan wasa zai danna amma hoto ya makara. Ga mai shago, wannan asara ce, don matasa ba sa biyan kuɗin wasan da ke tsinkewa.

Matakan bincike

1. A haɗa kwamfuta da waya kai tsaye a tushen intanet, a auna ping. Idan a nan ma akwai jinkiri, matsalar ta layin kamfani ce, ko Airtel ne, Moov, Zamani ko Niger Telecom, kuma sabuwar gada ba za ta magance ta ba.

2. A duba wuta. Eriyar tana samun kuran ta cikin wayar intanet daga wani ƙaramin akwati da ake kira PoE. Ɗaukewa da dawowar wuta na iya ƙona shi. Akwatin ya fi eriya arha sosai, don haka a gwada wani tukuna.

3. A duba waya da kawunanta. Zafin Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40, yana busar da robar wayar da ba ta waje ba ce, ruwan damina kuma ya shiga.

4. A tabbatar eriyoyin na ganin juna. Iskar hadari kan karkatar da ƙarfen, reshen dogon yaro ko sabon bene kuma kan tare hanya.

5. A sauya tasha. A zangon 2.4 GHz, tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Zangon 5 GHz ya fi ƙarancin cunkoso, amma ba ya jure shamaki.

Lokacin sauyawa

Idan fitilunta sun ƙi kamawa ko da sabon PoE da sabuwar waya, ko tana mutuwa tana tashi bayan an mayar da ita tsarin kamfani, ko tsawa ta ƙona ƙofar wayarta, to ta gama aiki. Gara a sayi biyu iri ɗaya na kamfani guda, a saita su a ƙasa kafin a hau sama, a sauya kalmar sirrin da suka zo da ita, a kuma ja wayar kariya daga tsawa zuwa cikin ƙasa. Idan tazarar ba ta kai mita 100 ba, jan waya ya fi kowace gada kwanciyar hankali.