Yadda jijiyoyin ido ke gane mazauninsu a ƙwaƙwalwa

Kowane idon ɗan Adam yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta siraran zaren jijiya sama da miliyan ɗaya. Tun jariri yana ciki suke tsirowa daga tantanin bayan ido, inda haske ke sauka. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa jijiyoyin idanun biyu suna haɗuwa, kusan rabin zaren kowane ido ya tsallaka ɗaya ɓangaren. Idan sun isa, bisa tsari suke zama: ƙwayoyin da ke maƙwabtaka a ido, zarensu ma maƙwabtaka yake yi a ƙwaƙwalwa, tamkar taswira.

A shekarun 1940, masani Roger Sperry na Amurka ya binciki wannan tsari a jikin kwaɗo, wanda jijiyar ganinsa ke sake tohowa idan an yanke ta. Ya yanke jijiyar, ya juya idon, samansa ya koma ƙasa. Da gani ya dawo, idan ƙuda na sama sai kwaɗon ya kai cafka ƙasa, kuma bai taɓa gyara kuskuren ba. Ashe kowane zare ya koma mazauninsa na asali. A 1963 Sperry ya bayyana cewa wasu alamomin sinadari ne ke yi wa zaren jagora.

A 1995 aka gano wasu daga cikin sinadaran, waɗanda ake kira efrin. Suna da yawa a wani gefen mazaunin, suna raguwa zuwa ɗaya gefen, kuma suna korar zaren da ke tahowa. Zaren da ya fi jin korar yakan tsaya da wuri, wanda bai cika jin ta ba ya ƙara gaba.

Sinadari shimfiɗar farko kawai yake yi. Kafin haihuwa, ƙwayoyin tantanin kan aika saƙonnin lantarki a jere, su daidaita taswirar. Bayan haihuwa kuma gani ne ke ƙarasa aikin. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1981, sun nuna cewa idan aka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa a watanninsa na farko, ɗaya idon yakan mamaye gurbinsa a ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa likitoci ke cewa a gaggauta kai yaron da aka haifa da yanar ido, ko mai harara-garke, asibiti. Idan aka yi jinkiri shekarun ƙuruciya suka wuce, ko an gyara idon, da wuya ganinsa ya cika.