Zanen Sengbe Pieh da Aka Ƙi Ratayewa

A shekarar 1839 aka sace Sengbe Pieh, manomin shinkafa ɗan ƙabilar Mende a ƙasar Saliyo, aka kai shi Havana ta Kyuba aka sayar. Shi da sauran waɗanda aka sayar, su 53, aka loda a jirgin ruwan Amistad. Cikin dare suka ɓalle sarƙoƙinsu, suka ɗebi addunan saran rake, suka kashe kyaftin da kuku, sannan suka umarci Sifaniyawa biyun da suka saye su su juya akalar jirgin zuwa gida. Mutanen nan suka yaudare su, da rana a nufi gabas, da dare a karkata arewa, har sojan ruwan Amurka suka cafke jirgin kusa da Long Island.

Suna tsare a New Haven, wasu jaridu suna ta kiran Pieh ɗan fashi mai kisan kai. Robert Purvis, wani attajiri baƙar fata na Philadelphia mai yaƙi da bauta, ya ga ba za a bar wa maƙiya su kaɗai su siffanta mutumin ba. Ya biya mai zane Nathaniel Jocelyn ya zana shi.

Jocelyn bai sa masa sarƙa ba, bai durƙusar da shi yana roƙo ba, yadda aka saba zana bayi a wancan zamani. Ga shi nan yafe da farin mayafi, kafaɗa ɗaya a waje, sanda a hannu, duwatsu da itatuwan dabino a bayansa, fuskarsa a natse irin ta mai gari. Wannan natsuwar ce ƙarfin zanen, ita ce kuma ta tsorata wasu. A 1841, shekarar da Kotun Ƙolin Amurka ta 'yanta mutanen Amistad, ƙungiyar masu zane ta Philadelphia ta ƙi rataye shi a baje kolinta don gudun rigima.

Purvis ya rataye shi a gidansa, ya kuma sa John Sartain ya buga kwafi aka yi ta sayarwa. Daga baya ya ba da labarin cewa Madison Washington, wani da ya tsere daga bauta, ya sauka a gidan, ya daɗe yana kallon zanen. An sake kama Washington lokacin da ya koma Virginia neman matarsa. A Nuwamban 1841 shi ya jagoranci ƙwace Creole, jirgin bayin da aka loda shi a ciki, suka kai shi Nassau, inda bayi sama da 100 suka sami 'yanci.